Ranar da Na Koyar da Latinanci da Ƙonanniyar Riga

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ɗan Alhaji Isufu ba. Ko da ma na so in manta, akwai mutane a nan Matamaye da suka mai da tuna mini abin wata 'yar sana'a ta bayan la'asar.

Amma bari in ɗan koma baya, don ku gane yadda aka yi mutum da furfurarsa ya kai kansa inda na kai kaina.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ko in ce na taɓa zama. Faransanci na koyar, kuma aikin nan ba inda bai jefa ni ba. Na yi Agadas, na yi Difa, na yi Gaya, na yi Tawa. Har Gabon na je, inda ruwan sama ke sauka kamar an bar shi ba mai tsawata masa, na dawo da ciwon gwiwa da son cin rogo. Ko'ina na je baƙo ne ni, kuma na ƙware da baƙunta: ka gai da kowa, kada ka tsoma baki a maganar da ba taka ba, in an yi dariya ka ɗan taya, ka koma ɗakinka. Da na aje aiki, ba a daɗe ba mai ɗakina ta rasu a Yamai, Allah ya jiƙanta. 'Yata tana aure a Kwatano. Ɗana ya so in zauna wurinsa, matarsa kuma yarinyar kirki ce, ba abin da ta rage ni da shi. Sai dai na lura duk sadda na shigo falo sai a rage muryar tele, a sauke ƙafafu daga kan kujera. Na ce a raina gara in koma garinmu, inda aka san ni tun ina yawo ba wando.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, waɗanda suka san ni ba wando yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma suna Kano ko Damagaram wurin 'ya'yansu. Garin ya karɓe ni hannu biyu, ba zan yi masa sharri ba. Amma girma ya ba ni, girma mai yawa, irin wanda mutum ba ya iya motsi a cikinsa. Kowa Mushe yake kirana, yadda ake kiran malamin lakwal, har tsofaffin da suka taɓa korata daga garkar rakensu. In na doshi wata fada, wato majalisar masu shan shayi, da yamma, tun daga nesa ina jin ana ta shewa ana tafa hannu, da na yi sallama sai kowa ya gyara zama. A tashi a ba ni kujerar da ta fi lafiya, a ɓoye karta, a miƙo mini kofin shayi na farko. Sai hira ta koma kan tsadar hatsi da zafin bana. In na ga na takura su na yi sallama na tashi, kafin in sha kwana sai in ji dariyar ta dawo daga inda aka aje ta. Wannan dariyar ta bayana, na fi jin ta a ƙirji fiye da duk wani zagi da aka taɓa yi mini.

Har Alhaji Isufu, wanda tare aka yi mana kaciya, ɗaki ɗaya muka yi jinya muna kuka muna zagin wanzami, shi ma in muka haɗu sai ya ce, "Mushe, kun tashi lafiya? Ya gajiyarku?" Ni kuma in amsa masa da irin muryar, kamar wakilan ƙasashe biyu.

Kada in ɗora wa gari laifin duka. Akwai Hajiya Barira, 'yar kawuna, wato taubashiyata. Kun san a wurinmu ɗan mace bawan ɗan namiji ne a wasa, to tun muna yara ba ta da sunan da take kirana da shi sai bawana, kuma hulunana da ta jefa kan rumbu ba su ƙirguwa. Da na dawo na je gaishe ta da turmin atamfa. Tana ganina ta fara: ashe gudajjen bawa ya ga uwar bari, ina abin da na tara mata duk shekarun nan, ko wannan ƙyallen ne kaɗai. Ni kuwa, maimakon in rama, sai na ji bakina yana cewa alhamdu lillahi, na gode da wannan tarba, Allah ya saka da alheri. Ta tsaya tana kallona. Can ta juya ta ce wa jikarta a kawo wa Mushe ruwan sanyi. A hanyar komawa gida na san na yar da wani abu a gidan nan, amma ban san yadda ake komawa a ɗauko shi ba.

To da haka na koma zaman gida, ni da darbejiyar tsakar gidanmu da Latinanci.

E, Latinanci, harshen Rumawan da, wanda ba mai magana da shi yanzu (kun ga mun dace da juna). Wani tsohon malami ɗan Togo ya koya mana shi a lise, wato babbar sakandare, a Yamai, mutum mai ƙurar alli har cikin gira. 'Yan ajinmu suna fita jarabawa suka zubar da shi a bakin ƙofa, ni kaɗai na tafi da nawa. Duk garin da aka kai ni, shi ne abokin hirata. Tun da nake ba wanda ya taɓa tambayata ko kalma ɗaya daga cikinsa.

A bazarar nan da nake ba ku labari, lokacin sharar gona ne. Kullum da yamma sai ka hangi hayaƙi yana tashi ta wajen Dungu da Kurni, manoma suna ƙona kara da ƙaya kafin ruwa ya sauka. Ina zaune ina kallon hayaƙin nan sai wasu kalmomi biyu suka maƙale mini. Rumawa suna da *ardere*, suna da *urere*. *Ardere* ita ce abu yana ci da wuta, shi kaɗai. Kalmar ba ta ɗaukar wani abu a bayanta, ba ta nuna kowa da yatsa. *Domus ardet*, gida yana ci, magana ta ƙare. Da ita suke faɗin idon da ya yi ja don fushi, da garin da yaƙi ya tashi a cikinsa, kuma ita ta haifi *ardent* ta Faransanci. *Urere* kuwa sai da mai yi da wanda aka yi wa, wani ne ya ƙona wani abu. *Agricola agrum urit*, manomi yana ƙona gona. Kuma ba wuta kaɗai ba, sanyin da ya busar da shuka ma *urere* ya yi mata, takalmin da ya ci maka dunduniya shi ma haka. In aikin ya wuce, ka ce *ussi*, na ƙona. Ku faɗe ta a hankali ku ji, kamar an zuba wa garwashi ruwa.

Na shirya darasin nan tsaf a kaina, da gabatarwa da misalai da wuraren da ɗalibai za su yi dariya. Na karanta wa darbejiya shi. Na karanta wa kajin maƙwabta da ke shigo mini ta magudana (zakaran ya fi matan natsuwa). Aji ne kawai babu.

Ana cikin haka Alhaji Isufu ya zo da kansa da goron gayyata, ɗansa zai yi aure. Na ƙudurta a raina wannan karon ba zan je a Mushe ba. Kullum riga da wando irin na ma'aikata nake sawa, na ce ƙila shi ya sa ake ganina kamar wanda ya zo duba aiki. Zan je da babbar riga kamar kowa, in zauna cikin mutane, in ci da hannu, ko Allah zai sa wani ya manta ya taka ni bai ba ni haƙuri ba.

Ina da babbar riga ɗaya, farar shadda mai aiki ruwan ƙasa, wadda mai ɗakina ta sa aka ɗinka mini lokacin bikin 'yarmu. Da na ciro ta daga akwati warin ajiya take yi. Sai na tuna yadda marigayiya take yi wa kayana: ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa riga bisa kwandon. Na sha ganin ta tana yi, abin ba wuya a ido. Na sayi turare a kasuwa wurin wata Babarbariya, wadda ta tambaye ni na Hajiya ne, na ce e, don amsar gaskiya ta yi tsawo.

Kun san ɗaurin aure a nan da sassafe ake yi. Na dawo daga masallacin asuba, na hura gawayi a murhun shayi, na juye a kasko. Kwando ne ba ni da shi. Sai na jera kujerun roba biyu baya da baya, na bar fili a tsakaninsu, na tura kaskon ƙasa, na baza rigar a kai, aikin yana sama don kada hayaƙi ya ɓata shi, bayanta yana kallon wuta. Garwashin kuma ban yi masa rowa ba, na ce gara ƙamshin ya kama sosai. Na shiga wanka. Ban sani ba shadda tana da nauyi, in ka bar tsakiyarta ba abin tokara, sauka take yi a hankali.

Da na fito na ji wani ɗan ƙauri cikin ƙamshin, na ce Babarbariyar nan ta haɗa ni da na arha. An ɗauke wuta, ɗakin da duhu-duhu, madubina kuma iyakarsa fuska da hula. Zafi tun da safe ya fara, na dubi 'yar cikin rigar na ce ba zan iya riga kan riga ba. Sai na bar wadda na sa bayan wanka, wata 'yar riga mai gajeren hannu da aka raba mana kyauta a Tawa shekarun baya, lokacin allurar dabbobi, mai hoton kan akuya a baya. Wa zai gani? Na suri babbar riga na zura, na gyara aikin gaba, na naɗe hannuwa a kafaɗa, na tari kabu-kabu.

Alhaji ya tarye ni gaba da gaba, ya riƙe hannuna, ya kai ni kujera a layin manya, bayana yana jingine da labulen rumfa. Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Rigar ba ta yi aikin da na sa ta ba. Na kusa da ni na dama ya ce Mushe kun sha kyau, na hagu ya ce Mushe ya gajiya, daga nan kowa ya juya wa na gefensa.

Jama'a suka ragu, aka bar na jiki ana jiran abinci. Aka janyo kujeru aka yi da'ira, liman da dattawa suna kan darduma a gefe guda. Sai wani mutumin Dungu, daga dangin amarya, ya kawo maganar da ke cin ransa. Maƙwabcin gonarsa ya sa wa shara wuta ya tafi gida shan fura, iska ta taso ta kwashe ta, ta cinye masa danga da tarin harawar da ya ɓoye wa tumakinsa. Da aka je wurin mai gari, maƙwabcin ya ce shi sharar gonarsa ya ƙona, dangar kuwa wuta ce ta ci abinta. Aka ɗauki musu, wasu na cewa tsautsayi ne, wasu na cewa sakaci ne. Can wani bawan Allah, don dai kada a bar ni shiru, ya ce Mushe, ku da kuka yi karatu me kuka gani.

Tambayar ladabi ce. Amsarta ita ce Allah ya kiyaye gaba, a wuce wurin. Na sani, wallahi na sani. Amma ku tuna mutum ne da ya yi wata da watanni yana koyar da kaji. Na ji ƙafafuna sun miƙe da kansu, na shiga tsakiyar da'irar, na gyara murya na ce ai wannan rigimar Rumawa sun raba ta tun kafin a haƙa rijiyar farko a Matamaye.

Yanzu bari in gaya muku abin da ni ban sani ba a lokacin. A bayan rigata, daga tsakanin kafaɗu zuwa ƙasa, akwai rami mai faɗin murfin tukunya, bakinsa ya yi baƙi ya yi ja kamar gefen waina. Ta cikin ramin kuma, daidai wa daida kamar tela ya auna, akuyar nan ce take leƙowa, da kunnuwanta da ɗan gemunta, da irin murmushin da masu zane suke yi wa dabbar da ta samu allura.

Na fara da *ardere*. Malami nagari ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana juyawa don kowane ɓangaren aji ya samu rabonsa. To na yi ta juyawa, kowane ɓangare kuwa ya samu rabonsa. Tun da nake koyarwa ban taɓa samun aji mai natsuwa irin wannan ba. Duk inda na waiwaya sai in tarar da idanu sun kawo ruwa, leɓuna a cije. Wani dattijo ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa suna rawa. Na ce a raina ashe mutanen nan ƙishirwar ilimi ke gare su, ni ne ban ba su dama ba. Sai na ƙara ɗaga murya, don daɗi.

Na wuce zuwa *urere*. Na ce wanda ya kunna wuta ya juya mata baya ya tafi harkarsa, ba shi da bakin cewa abin ya ci da kansa, Rumawa ba za su ba shi *ardere* ba ko da ya yi kuka. Na ce wannan sakaci ne, kuma babban mutum ba ya sakaci da wuta. Wani a bayana ya yi wani irin tari, ya tashi ya fita da sauri. Na nemi kara, na duƙa ina rubuta kalmomin a ƙasa don su ga yadda suke, kuma inda Allah ya nufa na juya bayana shi ne wajen darduma. Akuya da liman suka yi ido huɗu, suka daɗe a haka.

Daga baya Alhaji Isufu ya ba ni labarin abin da ke gudana a bayana. Kowa ya gani, amma ba wanda ya san ta inda zai ɓullo mini. Yaro ya faɗa, ya yi wa babba rashin kunya. Dattijo ya faɗa, ya tozarta baƙo a cikin taro. Shi kansa Alhaji ya ce sau da yawa yana ɗaga ƙafa zai zo ya ja ni gefe, sai ya ga yadda fuskata ke haske, ya san in ya raɗa mini a kunne zan ce masa na gode, in tafi gida in rufe ƙofa, ba za a ƙara ganina ba sai a jana'iza. Wai sai liman ya karkato ya tambaya ƙasa-ƙasa, "Wai bawan Allahn nan ba shi da abokin wasa a garin nan?" Aka yi ta tunani. An daɗe ana tunani, in ji Alhaji, kuma wannan ne wurin da ya fi yi mini ciwo a duk labarin. Can wani tsoho ya tuna ai uwata ƙanwar baban Barira ce. Alhaji ya tashi da kansa ya shiga cikin gida wurin mata.

Ina cikin bayanin takalmi da dunduniya na ga mutane suna darewa. Hajiya Barira ce, da ludayin miya a hannu, zufa tana bin goshinta, ta tsaya a bakin rumfar maza ba ko ɗar. Ta gai da liman, ta zagaya ta bayana, ta tsaya ta ƙare wa abin kallo. Sannan ta dawo gabana.

"Bawana, sannu da wa'azi," in ji ta. "Akuyar nan da ka goyo, gudummawar biki ce ko kasuwa za ka kai ta?"

Na ce wace akuya, Hajiya.

"Malam, ku shaida," ta ce wa liman. "Abin da bawa ya mallaka na uwargijiyarsa ne. Akuyar nan tawa ce, kada wani ya taya."

Sai na ji ƙotar ludayi ta taɓa ni a tsakiyar baya, ba ta kan shadda ba. Na kai hannu. Yatsuna suka shige cikin rami, suka shafo bakinsa mai kaushi, wani ɓangare ya marmashe a hannuna. A take komai ya dawo mini a jere, kujeru biyu, kasko, ƙauri, Tawa. Na tuna duk juyin da na yi. Na tuna duƙawar da na yi.

Na taɓa faɗuwa daga kan raƙumi a Agadas gaban ɗalibaina, na taɓa yin amai a jirgin ruwa kan takalmin wani babban jami'i a Gabon. Duk wasa ne. Nan kunnuwana suka toshe, na ji hular kaina ta yi nauyi. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne har yanzu ba wanda ya yi dariya. Rumfa guda ta riƙe numfashi, kowa ya zuba mini ido. Barira ma ta daina murmushi, tana kallona irin kallon ranar atamfa. Ni ake jira. Na ji maganar nan tawa ta kullum ta taso har bakin haƙora, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na san in ta fito, za a ba ni hanya in wuce cikin mutunci, kuma shi ke nan.

Na haɗiye ta. Na laluba can ƙasa, inda ban taɓa ba tun ina saurayi, na samo abin da ya samu.

"Ke dai ki ji kunya," na ce. "Wace irin uwargijiya ce za ta bar bawanta yana turara rigarsa da kansa? Ga abin da rowarki ta jawo. Akuyar ma yunwar gidanki ce ta koro ta wurina."

Ba wata gwaninta ba ce, na sani. Amma rumfar nan sai da ta girgiza. Dattijon nan mai rawani ya zame daga kujera. Mutumin Dungu, wanda aka ƙone wa danga, yana dukan cinyarsa yana cewa shi ya yafe, wallahi ya yafe, asarar wani ta fi tasa. Mata suka leƙo ta zaure suna tambayar abin da ya faru, da aka juya ni aka nuna musu suka koma da gudu. Barira ta ɗaga ludayi kamar za ta kwaɗa mini, ta ce ashe bawa bai mutu ba, suma ya yi. Liman kuwa sai da ya share hawaye da hannun riga, ya bari aka ɗan lafa, sannan ya ce cikin natsuwa irin ta mai neman sani:

"To Mushe, don mu tabbata mun gane karatun. Ita wannan rigar, ci ta yi da kanta, ko wani ne ya yi sakaci?"

Alhaji ya so ya ara mini riga, Barira ta hana, ta ce bawa da akuyarsa tare za su ci. Haka na zauna kan tabarma cikin mutane, aka aje tire, kowa yana tura mini ganyen kabeji gefena wai don baƙuwar da ke bayana.

Kada ku zaci na koma gida ina murna. Na koma na rufe ƙofa, na cire rigar na shimfiɗa ta kan gado na zauna ina kallon ramin. Rigar da marigayiya ta zaɓi shaddarta da kanta ce. Na yi tunanin da tana nan, da tun a bakin ƙofa za ta ce tsaya, juya in gani, yadda take yi kullum ina ƙorafin tana ɓata mini lokaci. Ban ci abincin rana ba. Har na fara tunanin motar Yamai ta gobe.

Bayan la'asar na ji sallama. Alhaji Isufu ne da dattijon nan mai rawani da wani maƙwabcinsu, sun sha fuska, hannuwa a baya. Na shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin darbejiya. Suka zauna suka sunkuyar da kai. Can Alhaji ya numfasa ya ce sun zo yi mini gaisuwar riga ne, ya haƙuri, Allah ya sa ta huta, yaushe ne sadakar uku. Mai rawani ya tambaya ko ta daɗe tana jinya. Na ce a'a, farat ɗaya ne, da safe ma lafiya lau muka rabu. Suka ce haka nagari suke tafiya.

"Kai kuma tashi ka ɗora mana shayi," in ji Alhaji. "Amma garwashin ni zan riƙe."

Sai da aka kira magariba suka tashi, sun shanye mini sukari, sun bar mini ɓawon gyaɗa ko'ina, sun kuma gaya mini ƙaryar da ta fi ƙarfin kaina game da yarintata. Ban je Yamai ba.

Gidan har yanzu ni kaɗai ne a ciki, ba zan ce muku ya cika ba. Akwai ranakun da ba mai sallama, in koma wa Latinancina, wanda har yau ba wanda ya nemi kashi na biyu. Amma na ƙaru da abu ɗaya, ga shi kyauta: kafin ka fita taro, ka sa wani ya duba maka bayanka. In kuwa ka waiwaya ka ga ba ka da wanda zai duba, to ka bar zancen riga, ba ita ce ta fi bukatar gyara ba.